Naɗa Fim a Gida Ba Tare da Ɗakin Duhu Ba

Yawancin ɗaliban yau hoton waya suka sani. Da an latsa sai hoto ya fito, idan bai yi kyau ba a goge a ɗauki wani. Kafin zuwan wayar hannu da kyamarar zamani, abin ba haka yake ba. A jikin fim ake ɗaukar hoto, wato wata doguwar leda siririya da ake sakawa a cikin kyamara, kuma mai hoto ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan an wanke fim ɗin. A lura da wannan kalma. A Hausa ana wanke tufafi, ana wanke kwano, ana kuma wanke hoto. Amma a wankin hoto babu dattin da ake cirewa. Jiƙa fim ake yi a cikin wasu sinadarai har hoton da ke ɓoye a jikinsa ya bayyana.

Har yanzu ana yin fim. Kamfanin Kodak a Amurka da na Ilford a Ingila suna ci gaba da sarrafa shi, kuma akwai masu sha'awar hoton baƙi da fari da suke wanke nasu da kansu a gida, tun da shagunan wankin fim sun yi ƙaranci. Da yawa daga cikinsu ba su da ɗakin duhu, wato ɗakin da aka toshe musamman don kada haske ya shiga. Abin da ya sa aikin yake yiwuwa duk da haka shi ne, mataki ɗaya tak ne a wankin fim yake bukatar duhu. Matakin kuwa shi ne a fitar da fim daga gwangwaninsa, a naɗa shi a kwarkwaro, a rufe shi a cikin tanki. Ga wanda ya saba, wannan ba ya wuce minti biyar. Sauran aikin ana iya yin sa da rana tsaka a bakin famfo. Sai dai a cikin waɗannan 'yan mintoci ne aka fi yin asarar hotuna, kuma hoton ɗaurin aure ko na suna, in ya lalace, babu sakewa.

Dalilin da ya sa fim ba ya son haske

Fim yana da fuska, yana da baya. Bayansa santsi ne da shi, yana sheƙi. Fuskarsa kuwa an shafe ta da jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. A cikin jelatin ɗin akwai ƙwayoyin gishirin azurfa, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani. Idan haske ya taɓa su sai su canza, amma canjin ba ya bayyana sai an zuba musu sinadari. Duk inda haske ya taɓa sai ya yi baƙi, inda bai taɓa ba ya zauna fes. Shi ya sa a jikin fim ɗin da aka wanke farar riga take fitowa baƙa, baƙin gashi kuma ya fito fari. Wannan shi ake kira nagatif.

A cikin kyamara, hasken da ake bari ya shiga don hoto ɗaya sau da yawa bai kai na ƙiftawar ido ba. To, abin da ƙiftawar ido ta isa ta rubuta, ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa na minti biyu ya isa ya dusashe shi. Fim bai san bambanci tsakanin hasken da aka gayyato da wanda ya shigo da kansa ba.

Mai yiwuwa kun taɓa ganin hoton ɗakin duhu da jan ƙwan lantarki a kunne. Wannan jar fitila ta takardar buga hoto ce, domin takardar baƙi da fari ba ta damu da jan haske ba. Fim ɗin da aka saba amfani da shi kuwa kowane launi yana kama shi, har da ja. Saboda haka duhun da ake nufi a nan baƙi ƙirin ne, irin wanda mutum zai ɗaga hannunsa gaban fuskarsa bai gan shi ba.

Kwarkwaro da tanki

Fim ɗin da ya fi yawa a hannun mutane shi ne mai faɗin milimita 35, wanda yake zuwa a cikin ɗan gwangwanin ƙarfe irin wanda Kodak ya fitar a 1934. Kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne sau 36, kuma gefensa biyu akwai 'yan huje-huje a jere, takwas ga kowane hoto. Idan aka warware fim mai hoto 36, tsawonsa ya kai kimanin mita 1.6, wato kusan tsayin ɗalibin sakandare. Yaya za a yi a jiƙa abu mai wannan tsawo a cikin ruwan da bai kai rabin lita ba, ba tare da wani sashe ya manne wa wani ba?

Kwarkwaro ne amsar. A asalin Hausa, kwarkwaro shi ne abin da masaƙa da teloli suke naɗa zare a jikinsa. Na fim faifai biyu ne da suke fuskantar juna, a cikin kowannensu akwai tsaga da take zagayawa daga baki zuwa tsakiya, kamar maganin sauron nan mai naɗi da ake kunnawa. Gefen fim ne kawai yake shiga tsagar. Tsakiyarsa, inda hotuna suke, ba ta taɓa komai, kuma tsakanin kowane zagaye da na kusa da shi akwai ɗan fili da ruwa zai ratsa.

Tankin kuma ba irin na ruwan sama ba ne. Baƙin gwangwani ne na roba ko na ƙarfe, wanda za a iya riƙewa da hannu ɗaya. Hikimarsa tana murfinsa. A tankin roba irin na kamfanin Paterson na Ingila, akwai bututu a tsakiya wanda ake zura kwarkwaro a kansa, sannan akwai murfi mai siffar mazurari da yake shiga cikin bututun. Ruwa yana bin mazurarin ya gangara ta bututu ya fito ta ƙasa, domin ruwa yana iya shan kwana. Haske ba ya shan kwana, a miƙe yake tafiya, don haka sai ya tsaya a hanya. Wanda ya manta bai saka bututun ba ya buɗe wa haske ƙofa, ko da ya rufe murfi gam.

Inda za a sami duhu

Hanya mafi arha ita ce a nemi wuri marar taga a cikin gida, kamar sito ko banɗaki, a jira dare. A toshe ƙarƙashin ƙofa da tawul, a rataya bargo mai kauri a bayanta, a liƙe ramin makulli. Daga nan sai gwaji. Mutum ya zauna a ciki minti goma ba tare da ya fito da fim ba. Da farko zai ga kamar duhun ya yi, domin idonsa bai saba ba. Sannu a hankali sai ya fara hango wani siririn layin haske a saman ƙofa ko tsakanin silin da bango. In ya ga haka, duhun bai yi ba tukuna. Haka kuma ya kamata a sanar da mutanen gida, domin ƙaramin yaro da tocila a hannunsa ya isa ya ƙone hoto 36 a lokaci ɗaya. Shiga ƙarƙashin bargo a kan gado, kamar yadda wasu suke yi, dabara ce marar kyau. Ga zafi, ga zaren bargo da ƙura da za su manne wa fim.

Hanyar da ta fi ita ce jakar duhu. Baƙar jaka ce mai ruɓi biyu, kowane ruɓi da zif ɗinsa, kuma tana da hannuwa biyu kamar na riga, masu roba a baki. Ana zuba kayan aiki a ciki, a ja zif biyun, a zura hannuwa har su wuce gwiwar hannu. Mutum yana zaune a falo, fitila a kunne, idonsa biyu, amma hannuwansa suna cikin dare. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Masu ɗaukar hoton fasfo na da, waɗanda suke zama a bakin kasuwa da ƙofar ofisoshi da babban akwatin katako mai ƙafa uku, ta hannun riga suke zura hannu cikin akwatin su wanke hoto a ciki, mai hoto yana tsaye yana jira.

Kafin a zura hannu a cire agogo, musamman mai haske a fuska, da zobe da awarwaro. Sannan a ƙidaya abin da aka saka: fim, kwarkwaro, tanki, bututu, murfi, almakashi, da abin buɗe kwalba. Guda bakwai ke nan. A ƙidaya su da baki, domin idan aka buɗe gwangwanin fim sannan aka tuna murfi yana kan tebur, babu halin fitar da hannu.

Aikin kansa

Za mu bi kwarkwaron roba, wanda ya fi sauƙi ga mai koyo. A bakinsa akwai ƙofa, inda fim yake shiga. Ana gane ta da wasu 'yan kunnuwa biyu da suka ɗan fito, ɗaya a kowane faifai. Bayan su kaɗan akwai 'yan ƙwallaye biyu na ƙarfe, irin na cikin boris ɗin keke. Tun a haske a murza faifan har kunnuwan su daidaita da juna, a ajiye kwarkwaron a cikin tanki don kada a yi ta lalubensa.

A cikin duhu, a ɗauki gwangwanin fim. Gefe ɗaya yana da ɗan kai da ya fito, ɗaya gefen kuma shafaffe ne. Shafaffen ake ɓamɓarewa da abin buɗe kwalba, kamar yadda ake buɗe lemo. Sai a turo fim ɗin waje tare da sandar da yake naɗe a jikinta. A riƙe shi a tafin hannu kada ya warware, domin in aka sake shi zai bazu cikin jaka ya tattara ƙura.

Farkon fim siriri ne, an yanke masa gefe ɗaya. Shi ne harshen fim, kuma babu hoto a jikinsa. A yanke shi da almakashi a miƙe, a yi ƙoƙari yankan ya faɗa tsakanin huji da huji. Idan ya faɗa a kan huji, bakin zai yi ƙaya, ya riƙa maƙalewa a tsaga. Daga nan a ɗan rage kusurwa biyun kaɗan, yadda bakin zai yi zagaye. Wannan ɗan aiki, da bai fi daƙiƙa goma ba, shi ne yake raba naɗi mai santsi da naɗi mai gardama.

Akwai dabarar da take rage wahala. Lokacin da ake mayar da fim cikin gwangwaninsa a kyamara, sai a tsaya kafin harshen ya shige ciki. Tun da harshen ya riga ya ga haske ranar da aka saka fim a kyamara, babu abin da za a yi asara in an yanke shi a haske, an gyara kusurwoyinsa, har ma an zura bakinsa a ƙofar kwarkwaro kafin a rufe jaka. Mai koyo ya riƙi wannan dabara, domin gano ƙofa da yatsa shi ne abin da ya fi ba sababbi haushi.

Yanzu a riƙe kwarkwaro da hannun hagu, kunnuwa suna sama suna fuskantar mai aiki. A kama fim ta gefe da gefe, kada yatsa ya hau fuskarsa. Fim yana da lanƙwasa tasa ta asali, fuska tana ciki, kuma haka ake so ya shiga, fuskarsa tana kallon tsakiyar kwarkwaro. A zura bakin ƙarƙashin kunnuwa, a ja shi da yatsa biyu har ya wuce ƙwallayen. Daga nan sai a kama faifai ɗaya da kowane hannu, manyan yatsu a kan kunnuwa, a riƙa murza na dama gaba da baya. Idan an murza gaba, ƙwallon yana danne fim ya tafi da shi. Idan an dawo baya, ƙwallon ɗaya gefen yana riƙe shi kada ya biyo. Haka fim yake tafiya taki ɗaya bayan ɗaya har ya kai tsakiya. Kunne ma yana da aiki a nan. Naɗi mai kyau yana da ƙara iri ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas. Da zarar ƙarar ta canza, ko aka ji fim yana ƙara kamar ana murƙushe leda, a tsaya.

A ƙarshe sandar za ta zo ta tokare a ƙofa, domin wutsiyar fim a liƙe take da ita. A yanke dab da sandar, saboda hoto na ƙarshe ba shi da nisa daga nan. A ƙara murzawa sau biyu ko uku har wutsiyar ta shige. Sai a zura kwarkwaro a bututu har ƙasa, a saka a tanki, a ɗora murfi a murza shi har a ji ya kama. A juya tankin a cikin jaka a ga ko murfin zai faɗi. In bai faɗi ba, a fitar da hannu.

Laima, gumi da hunturu

Babban abokin gāban kwarkwaron roba shi ne laima. Jelatin idan ya sami ruwa kumbura yake yi ya yi danƙo, don haka ɗigo ɗaya da ya rage a cikin tsaga ya isa ya kafe fim a rabin hanya. Kwarkwaron da aka yi aiki da shi da safe ba lallai ne ya bushe da yamma ba, musamman da damina a Legas ko Fatakwal ko Kalaba, inda iska kanta take ɗauke da ruwa. Gumi kuma ya fi wannan sharri. Hannu biyu a cikin rufaffiyar jaka, a ƙasa mai zafi, ba sa minti goma sai sun jiƙe. Fim ya fara gardama, mai aiki ya firgita, firgici ya ƙara gumi, gumi ya ƙara gardama. Maganin shi ne a wanke hannu da ruwan sanyi a tsane shi sosai, a zauna gaban fanka, a kuma zaɓi babbar jaka. Wasu suna saka kwali marar murfi a cikin jakar don ya ɗaga ta, hannu ya sami sarari. Kada a shafa hoda ko mai.

Hunturu kuwa tasa matsalar daban ce. Idan iska ta bushe ƙwarai, jan fim da ƙarfi yana iya haifar da ɗan tartsatsin lantarki, irin wanda ake ji in an tuɓe rigar leda. Tartsatsin haske ne, kuma yakan bar zane mai rassa a jikin nagatif. Ga kuma ƙura. Saboda haka a lokacin hunturu a karkaɗe jaka, a yi komai a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

To, idan fim ya maƙale fa? Kada a tilasta masa. Fim ɗin da aka tura da ƙarfi yana karyewa, karyar kuma takan fito a hoto da siffar jinjirin wata. Ko kuma ya tsallake tsagarsa ya kwanta a kan zagayen da ke kusa, ruwa ya kasa shiga tsakaninsu, wurin ya fito babu hoto. A ɗan bubbuga gefen kwarkwaro da yatsa, sau da yawa wannan ya isa. In bai saki ba, a murɗe faifan biyu a raba su, a zare fim a sake farawa. Idan kuma hannu ya riga ya jiƙe, akwai mafita: a naɗe fim ɗin sako-sako, a saka shi a tanki haka nan, a saka bututu, a rufe murfi. Yanzu fim ya tsira daga haske. Sai a fitar da hannu, a buɗe jaka ta sha iska, a busar da kwarkwaro, a dawo bayan rabin awa.

Akwai kuma kwarkwaron ƙarfe, wanda ake fara naɗinsa daga tsakiya zuwa baki. Ana maƙala bakin fim a tsakiya, a ɗan matse gefensa da yatsa biyu ya yi doro, a riƙa juyawa yana faɗawa cikin tsaga da kansa. Ya fi wuyar koyo, amma bai damu da ɗan laima ba, shi ya sa wasu da suka daɗe a sana'ar suka fi son sa. Haka nan akwai babban fim mai lamba 120, wanda Kodak ya fitar tun 1901. Faɗinsa kimanin santimita 6 ne, ba shi da huji, ba shi da gwangwani, a cikin doguwar takarda yake naɗe. Dole yatsa ya bambance takarda da fim a cikin duhu, in ba haka ba mutum ya naɗa takarda ya bar hotunansa a ƙasan jaka.

Koyo da fim ɗin gwaji

Babu wanda ya kamata ya fara koyo da hotunan da yake so. A sami fim ɗin da ya lalace ko wanda kwanansa ya ƙare, a sadaukar da shi. A naɗa shi a haske ana kallo har a gane aikin kowane ɓangare. Sannan a naɗa da ido a rufe. Sannan a naɗa a cikin jaka, a buɗe a duba ko kowane zagaye yana tsagarsa. Sai an yi haka sau goma a jere babu maƙalewa za a ɗauko fim na gaske. Abin da ake nema shi ne yatsu su haddace abin da ido ya gani.

Wannan ƙaramin aiki ne, amma daga irinsa manya suka taso. Shahararren mai ɗaukar hoton nan na Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014, ya fara aikin gwamnati ne a 1954 a matsayin mataimaki a ɗakin duhu na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan dubu, waɗanda yanzu ake nunawa a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. A kan fim na baƙi da fari ya ɗauke su.

Da an rufe tanki, sauran aikin na haske ne. Tankin Paterson yana bukatar mililita 290 na ruwa don rufe kwarkwaro ɗaya na milimita 35, da mililita 500 don na 120. Idan tankin mai cin biyu ne kuma fim ɗaya aka naɗa, mai fim ɗin ne zai zauna a ƙasa. Ana fara zuba sinadarin da yake fito da hoto, sannan mai tsayar da aikinsa, sannan mai tabbatarwa, wanda yake narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba. Lokutan da kamfanoni suke rubutawa yawanci na ruwa mai digiri 20 ne a ma'aunin Salsiyas, ruwan famfo kuwa a yawancin garuruwanmu ya fi haka ɗumi, don haka ana tsoma kwalbar sinadari a cikin ruwan ƙanƙara har ta sauko. Ba a buɗe murfi sai mai tabbatarwa ya gama aikinsa. Bayan an ɗauraye fim da ruwa mai tsabta, sai a zare shi daga kwarkwaro a rataye shi a wurin da babu ƙura, a maƙala masa abin shanya a ƙasa don ya bushe a miƙe.